Agwagwa ta Ashirin da Huɗu

Tun daga bakin layi na jiyo warin. Na tsaya da jaka a hannu na shaƙa, na sake shaƙa, na ce a'a, wannan ba warin unguwarmu ba ne. Unguwarmu a Matariyya, bakin tafki, ƙarnin kifi take yi da warin kwaltar jiragen ruwa. Wannan kuwa warin Dumyat ne, garin masu yin kujeru da gadaje, warin man sheƙin da ake shafa wa gadon amare. Kuma mutum ɗaya ne a duniya zai kawo shi ƙofar gidana, ƙanena Zaglul, wanda ni da hannuna na miƙa wa makulli.

Kwana huɗu kacal na yi a Bur Sa'id wajen 'yata Ihsan da ta haihu, fitata ta farko ke nan bayan na gama takaba. Abin da na ce masa shi ne ya toshe mini yoyon rufi kafin ruwan saman lokacin sanyi ya sauko. Rufi na ce. Ko kurma ya ji rufi na ce.

Mijina Garib, wanda ake kira Usta, wato gwanin sana'a, shekara talatin da ɗaya ya yi yana sassaƙa agwagin katako a ɗakin ƙasa na gidanmu. Maharban tafkin Manzala ke saye, su jera su a ruwa gaban maɓoyarsu, in agwagin daji suka taso daga arewa da sanyi su hango kamar 'yan'uwansu ne zaune lafiya, su sauko. Shi ke sassaƙa, ni ke fenti, ni ke liƙa darma a ƙasan cikinsu don su zauna daidai a ruwa. A gari kuwa "fentin Garib" ake cewa. Ban taɓa damuwa ba, tukunyarmu ɗaya ce.

Ya rasu da tsakiyar zafi, ya bar agwagi ashirin da huɗu, an sassaƙa ba a yi musu fenti ba. Na Rayyis Mitwalli ne, babban maharban ɓangarenmu. Ranar da Rayyis ya zo ta'aziyya ya tsaya daga bakin ƙofa ya ce, "Umm Ihsan, waɗannan na hannun marigayi ne, ki shafa musu abin da ya sawwaƙa, za mu karɓa. Daga su kuma sai mu koma na roba. Hannun Garib ya tafi da shi."

Na ce, "Rayyis, ni fa ina nan."

Ya ce, "Allah ya ba ki haƙuri." Kamar ciwon kai na ce masa ina yi.

Zaglul kuwa tun ranar bakwai yake mini waƙa ɗaya: in rufe shago in koma gidansa a Dumyat, mace ba ta zama ita kaɗai a bakin tafki. Da ya ishe ni muka yi magana ɗaya a gaban matarsa. In Rayyis ya ba ni aikin baɗi, zan zauna a gidana, kada wanda ya sake tayar mini da zancen. In bai ba ni ba, zan rufe ƙofa in bi shi in zauna ina ɓare wa matarsa tafarnuwa har in mutu. Agwagin nan su ne hujjata, ba ni da wata.

Na tura ƙofar shagon.

Innalillahi! Ya shimfiɗa farin zani a kan teburin aiki ya jera su sahu-sahu, kowace tana ƙyalli har tana kashe ido. Kawunan toraye kore shar kamar kwalba. Ya zana musu zoben ruwan zinariya a wuya, ya bi gefen fiffike da wani layin zinariyar. Shi kuma yana zaune a kujerar mijina, ƙafa ɗaya kan ɗaya, da kofin shayi, ga kwalin alawar mushabbak da ya kawo mini tsaraba. Yana murmushi, jama'a. Murmushi yake yi.

Ya ce, "Sannu da hanya, Rauhiyya. Kada ki yi godiya, tsakaninmu babu wannan."

Na ce, "Zaglul, mene ne wannan?"

"Shafi uku na yi musu. Kwana uku ban leƙa shagona ba. Mutane na bin layi wata biyu kafin in taɓa musu kujera, ke ga shi kin samu a kyauta."

"Rufin fa?"

"Rufi ai ba ya gudu."

Na ajiye jaka na ɗauki guda ɗaya. Fuskata na gani a bayanta, da hancina da komai. Na ce, "Wa ya aike ka? Wa ya ce ka taɓa su? Amare za ka kai ɗaki ko agwagi za a harba?"

Ya ajiye kofi, fuskar ta sauya. "Haba Rauhiyya! Na shigo na tarar da aikin ƙarshe na surukina tsirara, duk kaushi, duk zanen wuƙa, kamar itacen girki. In bar shi ya fita haka mutane su gani? A Dumyat ko kujerar makewayi ba ta fita a haka. Allah ya jiƙansa, ya iya siffa, amma gamawa ba fanninsa ba ne. Ni kuwa shekara talatin ina gama aikin mutane."

Duk zanen wuƙa. Na ɗora babban yatsana a bayan agwagwar na shafa daga wuya zuwa wutsiya. Sumul, kamar faranti. Na ɗauki ta biyu, na ɗauki ta uku, na bi su duka.

Garib gashi ɗaya-ɗaya yake yanka wa agwagwa da bakin wuƙa, layi a kan layi, don in rana ta bugi bayanta hasken ya watse, kada ya dawo. Rabin yini yake yi a kan guda. Waɗannan layukan su ne abu na ƙarshe da hannunsa ya yi a duniya. Wata huɗu da kwana goma ina takaba, kullum sai na sauko na shafa su, na kasa sa musu fenti saboda ba na son in rufe su. Shi ne wannan bawan Allah ya sa samfefa ya goge su tas a kwana uku.

Ban san lokacin da na ɗauki kwalin alawar na jefe shi da shi ba.

"Ka goge shi! Ka goge mini shi, mugu, azzalumi! Mutuwa ta ɗauki rabi, kai ka zo ka share ragowar!"

"Ke, ki san da wa kike magana!"

"Da wa? Da Zaglul mai majina, wanda na ɗauka a kafaɗata har ya yi mini fitsari a wuya! Yau kai ne Usta a gidana? Dama sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da Garib na da rai ko ƙofar nan ba ka isa ka tsallaka da gwangwaninka ba!"

Ya miƙe yana karkaɗe alawa daga riga. Ya ce ni ban san kyau ba, bakin tafki ya cinye mini ido. Ya ce in Rayyis ya ga waɗannan sai ya rungume su ya kai su falonsa.

Na ce, "Falo! To agwagin daji a falo ake harbinsu? Ba za ka koma Dumyat yau ba. Gobe da safe ni da kai za mu shiga tafki, ka ga aikinka da idonka."

Da gari ya waye na sa shi a kwalekwalen Garib, da takalminsa mai sheƙi da wandonsa mai kari. Tun muna bakin gaɓa ya riƙe gefen jirgin da hannu biyu yana salati. Ni ke tura gora. Na kai mu wani lungu can nesa inda ba mai ganinmu, don ko a cikin fushin ban yarda wani maharbi ya ga abin kunyar nan ba. Na jefa huɗu daga cikin amarensa a ruwa ta dama. Can ta hagu na jefa tsofaffi uku na Garib da aka kawo gyara, waɗanda ruwa ya ci har sun koma kalar laka. Muka kutsa cikin ciyawa muka tsuguna.

Ya ce a hankali, "Dubi nawa yadda suka fito. Naki kamar matattun kaji."

Na ce, "Yi shiru, sauro ma ya fi ka amfani a nan."

Ba mu daɗe ba suka ɓullo, sun kai talatin, suna tahowa ƙasa-ƙasa. Suka karkato wajen na Zaglul, har sun fara sauke ƙafa. Ya dafa ni, ya buɗe baki zai yi magana. Daidai nan rana ta ɗago daga bayan ciyawa ta sauka a kan ruwan. Amaren nan huɗu suka kama walƙiya kamar an jefa madubai a tafki. Garken ya tashi sama gaba ɗaya, fuuu, kamar an buga bindiga. Suka yi kewaye ɗaya daga nesa, guda biyar suka ɓalle suka je suka sauka a tsakiyar matattun kajin nawa suna gyara gashi.

Na juya na dube shi. "To Usta? Ko in kira su su dawo su duba zoben zinariya?"

Har muka iso gaɓa ruwa na shiga takalminsa, bai ma kula ba. Sai da na ɗaure jirgi ya ce, "Wallahi taimako na yi niyya."

Na ce, "Na sani, shi ya fi ba ni haushi. Garin gyaran gira ka tsone mini ido. Saura kwana goma sha biyu Rayyis ya zo. Abin da ka shafa kai za ka kankare."

Haka aka yi. Muka rufe ƙofa muka ce wa maƙwabta gyaran rufi ake yi. Usta Zaglul, wanda attajiran Dumyat ke kira su ba shi kofi a faranti, ya zauna a ƙasa da ɓallin gilashi yana kankare shafinsa uku. Kowace ya gama sai ya yi ajiyar zuciya kamar ya binne ɗa. Ban tausaya masa ba ko kaɗan. In ya ɗago kai sai in nuna masa wuyan da ya bar zinariya.

Sai dai kankara ba ta dawo da gashi. Suna fitowa fari fat, sumul kamar ƙwai. In na shafa fenti a kan wannan, ko toka nawa na zuba, da ruwa ya jiƙa su sai sun yi ƙyalli. Dole a sake yanka gashin. Kuma wanda ya iya yana kwance a maƙabarta.

Rana ta uku na ciro wuƙar Garib daga aljihun tebur. Ƙotar ta lotsa daidai inda babban yatsansa ke zama. Shekara talatin da ɗaya ban taɓa yanka komai da ita ba, ko zare. Yankan farko wuƙar ta zame ta shiga yatsana. Na ɗaure da tsumma na ci gaba. Agwagwa ta farko ta fito kamar kaza ta yi tono a bayanta. Na zauna na zage ta, na zagi Zaglul, na juya kan marigayin ma. Na ce, "Kai kuma da ka tashi tafiya ba ka iya jira ka ga an yi musu fenti ba? Kullum 'gobe zan koya miki, gobe zan koya miki.' Ga goben nan ta zo, kana ina?"

Zaglul ya ce, "Ki ji tsoron Allah, mamaci ne."

"Mijina ne, in na ga dama in zage shi. Kankare!"

Na goge ta na sake. A ta uku ne abin ya zo. Na daina kallon wuƙar, na bar hannun ya bi hanyar da ya sani. Ashe buroshina ya bi kowane layi na mutumin nan sau dubu nawa, ya san inda gashi ke farawa da inda yake kwanciya, ya san na kafaɗa gajeru ne, na gefe dogaye. Hannun ya riƙe, ni ce ban sani ba. Daga nan kullum uku nake yi, wata rana biyu, daga sallar asuba har rana ta faɗi. Yatsuna suka kumbura har ba na iya yaga gurasa, sai Zaglul ya yaga mini ya tsoma a wake. Ban yi masa godiya ba.

Na dama fentina yadda na saba, da baƙin tukunya da toka da garin katako mai laushi, har ya mutu murus, ba ya ɗaukar haske. Zaglul yana kallo yana runtse ido kamar ana cire masa haƙori. Sau ɗaya ya ce, "Ko ɗan kaɗan a baki kawai?" Na ɗaga wuƙa na nuna shi, bai sake ba.

Ashirin da uku ke nan. Ta ashirin da huɗu ba ta taɓa shiga hannun Zaglul ba, don ba a shago take ba. Tana sama, a cikin akwatina, naɗe a rigar Garib.

A kan gadon jinya ya yi ta. Watanninsa na ƙarshe hannunsa rawa yake yi, kuma babu wanda ya sani sai ni. Ya daina zuwa shagon shayi don kada maza su ga kofi na kaɗawa. In baƙo ya shigo sai ya cusa hannun a hammata ya ce sanyi yake ji, a tsakiyar zafi. Sauran ya sassaƙa su tun abin bai yi tsanani ba, ta ƙarshen nan kuwa sati uku ya yi yana fama da ita. Ranar da ya gama ya miƙo mini ya ce, "Ta yi?" Na ce, "Ta yi, Usta, ta fi duka." Ya kama hannuna ya ce, "Rauhiyya, ki rufa mini asiri. Kada maharban nan su san hannuna ya mutu kafin ni." Na ce masa har abada.

Na sauko da ita na yi mata fenti, na liƙa darma. Na ga wuyan ya ɗan karkace, na ga layukan sun hau juna, amma na ce idona ne. Lissafi ashirin da huɗu ne, kuma ita kaɗai ce tasa daga kai har wutsiya. Na sa ta a ƙarshen sahu.

Rayyis Mitwalli ya zo da hantsi ranar da ya ce. Tsoho ne mai ido kamar na shaho, ba ya gaggawa. Ya gaishe da Zaglul, ya ƙi zama, ya ce a kawo masa baho da ruwa. Ya ɗauki ta farko ya sa a ruwa, ta zauna daram. Ya tsamo ta a jiƙe ya fita da ita tsakar rana ya jujjuya, ba ta ba shi ko ɗigon haske ba. Ya dawo ya rufe ido ya bi bayanta da babban yatsa.

Ya ce, "Allahu akbar. Garib ke nan. Ko a cikin buhu aka ba ni wannan zan gane ta. Usta Zaglul, ka ga yankan nan? Duk tafkin nan babu mai yin sa, kuma ba za a sake ba."

Zaglul ya sunkuyar da kai yana kallon farcensa da gilashi ya cinye. Ni kuma na ciji leɓe, na ce bari ya gama tukuna.

Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana yabon mamaci. Da ya zo ta ƙarshe ya ɗauka, sai ya tsaya. Ya sa ta a baho, ta kwanta gefe guda kamar mai jin barci. Ya shafa bayanta, ya yi ɗan murmushi irin wanda ake yi wa yaro in ya kawo zanensa.

"Wannan ke kika cika da ita, ko Umm Ihsan? Ashirin da uku ya bari, kika ƙarasa."

Na dubi agwagwar a hannunsa.

"Ba laifi, wallahi kin yi ƙoƙari. Amma dubi wuyan. Dubi gashin, kamar an ba makaho wuƙa. Wannan ko agwagwar gida ba za ta ruɗa ba. Kin ga dalilin da na ce miki sai na roba? Ba ƙinki nake yi ba. Sana'ar nan ta maza ce, kuma a cikin mazan ma ta mutum ɗaya ce." Ya ajiye ta a ƙasa kusa da tarin shara, ya goge hannu a riga.

A ƙasa. Kusa da shara.

Na san abin da ke gabana sarai. In na yi shiru, Garib ya tafi da sunansa cif, ni kuma in tattara kayana in bi Zaglul. In na buɗe baki, na karya alkawarin da na yi wa mutum a kan gadon mutuwarsa. Na dubi Zaglul. Shirun nawa shi zai yi wa daɗi, amma ko ɗago kai bai yi ba.

Da Rayyis ya tsaya a kan wuyan da gashin, wataƙila da na haɗiye. Ina so in yarda da na haɗiye. Amma ya sa ƙafa ya ɗan ture ta gefe don ya samu wurin ajiye buhunsa. Wannan ƙafar ita ta gama da ni.

Na ce, "Ɗauke ƙafarka."

"Na'am?"

"Na ce ɗauke ƙafarka daga kan mijina! Wannan da ka ture ita ce tasa! Ita kaɗai ce tasa a ɗakin nan! Sati uku ya yi yana yanka ta a kan gado, hannunsa na rawa kamar ganye, yana zufa, yana ɓoyewa don kada irinku su yi masa wannan murmushin. Makahon da ka faɗa shi ne, Rayyis. Waɗannan kuma da kake rufe ido kana shafawa kana kabbara, nawa ne! Gashin nawa, fentin nawa, darmar tawa. Fentin ma shekara talatin da ɗaya nawa kuke yabo, ko sau ɗaya ba wanda ya tambayi me ya sa hannun Garib ba ya baƙi da fenti!"

Rayyis ya ja da baya. "Umm Ihsan, baƙin ciki ne ke sa ki..."

"Zaglul, gaya masa."

Ƙanena ya miƙe a hankali. Na san abin da maganar za ta ci masa, sunansa da kuma gardamar da yake gab da cinyewa. Ya miƙa wa Rayyis hannuwansa biyu, duk yanka. Ya ce, "Gaskiya ta faɗa. Ni na goge aikin marigayi da samfefa, na shafa musu man sheƙi, da zinariya ma. Jahilci ne ya kai ni. Ita ta sake yanka su a gabana, guda-guda, cikin kwana tara."

Na ɗauko guntun katako da wuƙa. A tsaye, ina huci, na yanka masa fiffike ɗaya, na cilla masa a ƙirji. "Rufe idon ka shafa!"

Ya cafe. Bai rufe ido ba, amma ya shafa. Ya daɗe yana shafawa. Sannan ya durƙusa, tsoho da shi, ya ɗauki ta Garib daga ƙasa ya share ta da hannun riga. Ya ce, "Shi ya sa ya daina zuwa shan shayi. Mu muna cewa girman kai ne." Muryarsa ta sauka. "Allah ya yafe mana. Ba ni wannan in ajiye a gidana."

Na fisge ta daga hannunsa. "Ba ka isa ba. Ashirin da uku za ka ɗauka, jibi ka aiko a karɓi cikon."

Ya zuba su a buhu da kansa, yana sa ciyawa a tsakani. A bakin ƙofa ya juyo ya ce, "Baɗi arba'in muke so, Usta." Ya dubi Zaglul don kada a yi kuskure, ya sake dubana. "Ke nake nufi."

Na ce, "Na ji. Ka gaida gida."

Zaglul ya hau ya toshe rufin a ranar, aikin da bai kai awa biyu ba. Da zai tafi ya ajiye makulli a kan tebur ya ce, "Kin ci." Na ce masa ya tafi da gwangwaninsa.

Da ɗakin ya zama ni kaɗai na zauna a kujerar Garib da agwagwar a cinyata. Na san kafin la'asar labarin ya gama shagon shayi, kowa ya ji hannun Usta Garib ya yi rawa, kuma daga bakina aka ji. Abu ɗaya ya roƙe ni a duk zamanmu, ɗaya tak, na kasa riƙe masa shi ko wata biyar. Na ji haushin Rayyis, na ji haushin Zaglul, amma ba wanda na ji haushinsa kamar kaina. Kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne na san in aka sake mayar da ni tsakar ɗakin nan, aka sake sa ƙafar nan, sai na sake faɗa.

Na ce mata, "Ka yafe mini, Usta. Kai ma da ka ga ƙafar da ba ka yi shiru ba."

Na sa ta a bahon da Rayyis ya bari. Ta kwanta gefe guda. Na san inda zan ƙara darma ta miƙe, aikin minti biyar ne. Ban ƙara ba. Na tsamo ta na goge ta da gefen mayafina, na ɗora ta a kan tebur tana fuskantar inda nake zama, sannan na jawo katakon cikon na Rayyis na fara auna shi.